Tsadar Inshorar Gida: Me Ya Jawo Ta, Kuma Me Musulmi Zai Duba Kafin Ya Canza Kamfani?

 

A 'yan shekarun nan maganar tsadar inshorar gida, wadda a ƙasashen renon Faransa ake kira asurans, ta zama abin kuka a ƙasar Amurka. Mutum zai buɗe wasiƙar sabunta yarjejeniyarsa ya tarar an ƙara masa kuɗi alhali bai taɓa neman diyyar ko kwabo ba, wani kuma a ce masa kamfani ya daina karɓar gidaje a unguwarsa gaba ɗaya. Wannan magana ta shafe mu ta fuskoki uku. Muna da 'yan uwa da 'ya'ya a can, irin jama'ar Gana da ke Bronx a birnin Niyok da jama'ar Nijar da ke Greensboro, waɗanda abin da suke turowa gida ya danganta da abin da ya rage musu bayan sun biya kuɗin muhalli. Sannan kasuwar da ke yanka farashi a can ita ce ke yanka wa kamfanoninmu na nan. Na uku, akwai tambayar da ba ta rabuwa da ɗaliban ilimi: mene ne hukuncin inshorar ita kanta?

Abin da ke faruwa a Amurka

A watan Mayun 2023 kamfanin State Farm, wanda ya fi kowa yawan gidajen da ke ƙarƙashinsa a jihar Kalifoniya, ya sanar cewa ya daina karɓar sababbin masu neman inshorar gida a jihar. Dalilan da ya bayar su ne tsadar kayan gini, da ƙaruwar haɗarin gobarar daji, da tsadar inshorar da shi kansa yake saya. Bayan wata biyu kamfanin Farmers ya sanar da janye inshorarsa daga jihar Fulorida, wadda guguwar Ian ta yi wa mummunar ɓarna a watan Satumban 2022, kuma ƙananan kamfanoni da dama suka durƙushe a cikinta. Da kamfanoni suka ja baya, sai jama'a suka koma asusun da gwamnatin jihar ta kafa domin waɗanda aka ƙi karɓa, mai suna Citizens, har yawan yarjejeniyoyinsa ya haura miliyan ɗaya. A watan Janairun 2025 kuma gobara ta cinye gine-gine sama da 16,000 a yankin Los Anjalis, daga baya hukumar jihar ta amince wa State Farm ya yi ƙarin gaggawa na kashi 17 cikin ɗari ga masu gidaje.

Mai karatu zai iya cewa, to in ta yi tsada ai sai a bar ta. A can abin bai da wannan sauƙin, domin akasarin gidaje da bashi ake sayensu, kuma mai ba da bashin yana sharɗanta cewa gidan ya kasance da inshora har a gama biya. Har kamfanonin Musulunci da ke mallaka wa mutum gida ta hanyar musharaka ko murabaha suna sa wannan sharaɗi. Galibi kuɗin inshorar ana haɗa shi ne da biyan wata-wata, saboda haka idan ya tashi, biyan watan ma ya tashi. Idan mutum ya bari ta yanke, mai bashin zai sayo wata da kansa ya ɗora masa kuɗin, wadda ta fi tsada, kuma haƙƙin mai bashin take karewa fiye da na mai gidan. Ɗan haya ma bai tsira ba, domin mai gida yakan zuba ƙarin cikin kuɗin haya.

Me ya sa take tashi?

Kamfanin inshora tara kuɗin mutane da yawa yake yi domin ya biya 'yan kaɗan da musiba ta afka wa. Farashinsa ya dogara da abu biyu: sau nawa musibar ke aukuwa, kuma nawa ake kashewa a gyara idan ta auku. Duka biyun sun ƙaru. Bayan annobar korona katako da ƙarfe da kwanon rufi da ladan ma'aikata duk sun yi tsada, saboda haka gidan da ya ƙone bana ya fi cin kuɗin sake gini fiye da irinsa shekara biyar da suka wuce. Ga kuma yawaitar guguwa da ƙanƙara da gobarar daji, ga mutane suna ta gina gidaje masu tsada a bakin teku da gefen daji, inda haɗarin ya fi yawa.

Akwai dalili na uku wanda mai gida ba ya gani. Kamfanonin inshora su ma suna sayen inshora daga wasu manyan kamfanoni na duniya, irin su Munich Re na Jamus da Swiss Re na Suwizalan da kasuwar Lloyd's ta Landan, domin kada babbar musiba guda ta karya su. Bisa lissafin Swiss Re, diyyar da aka biya kan bala'o'i a duniya ta haura dala biliyan 100 a kowace shekara daga 2020 zuwa 2024. Da waɗannan manyan suka ɗaga farashinsu sosai a farkon 2023, sai ƙananan suka sauke nauyin a kan masu gidaje. Ta nan ne abin ke iso mu, domin kamfanin da ke Yamai ko Kumasi ko Garwa shi ma yana miƙa wani kaso na haɗarinsa ga irin waɗannan kamfanoni, ko kai tsaye ko ta hannun na Afirka. Bahaushe ya ce idan gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Matsayin malamai a kan inshora

Inshora irin ta yau ba ta kasance a zamanin magabata ba. Daga cikin malaman farko da suka tattauna ta akwai Ibnu Abidin, malamin Hanafiyya na Dimashƙa wanda ya rasu a 1836, lokacin da ya ga fatake suna biyan kuɗi domin a lamunce musu kayan da suka ɗora a jirgin ruwa, kuma bai halatta karɓar diyyar ba idan an ƙulla yarjejeniyar a ƙasar Musulunci. A zamaninmu, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka a shekarar 1398 bayan hijira, da majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a watan Disamban 1985, duk sun tafi a kan cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba, amma ta taimakekeniya ta halatta.

Hujjarsu ta farko ita ce gararu, wato jahiltar abin da ake ciniki a kansa, wanda hadisin Abu Huraira a Sahihu Muslim ya hana. Mai biya bai san ko zai karɓi wani abu ba, kamfani ma bai san nawa zai biya ba. Ta biyu ita ce kama da caca, domin ribar ɗaya tana cikin asarar ɗayan. Ta uku ita ce riba, domin musayar kuɗi ne da kuɗi tare da fifiko da jinkiri, kuma kamfanonin suna juya dukiyarsu a takardun bashi masu ruwa. Shaihu Musɗafa Zarƙa, malamin Siriya, ya saɓa musu. A ganinsa abin da mutum ke saya shi ne aminci, kuma yana samunsa tun ranar da ya biya, sannan ya kamanta tsarin da aƙila, wato dangin da shari'a ta ɗora wa biyan diyyar kisan kuskure. Ra'ayi ne na babban malami, amma rinjaye yana tare da majalisun.

To wanda aka tilasta masa fa? Malaman da suka haramta ba su ɗora laifi a kan wanda doka ko sharaɗin da ba shi da makawa ya tilasta ba, kamar inshorar mota da kowa ya sani. Majalisar fatawa ta Turai ta faɗaɗa, ta halatta inshorar gidaje da shaguna da masallatai da makarantun Musulmi a inda babu madadin Musulunci, saboda buƙata mai tsanani. Sun yi saɓani kan diyyar: wasu sun ce kada ya ci fiye da abin da ya zuba, ya ba da ragowar ga mabuƙata, wasu kuma sun ce ya karɓi gwargwadon asararsa. Wanda abin ya same shi ya kai wa malamin da ya san halin ƙasar da yake ciki. Abin da babu saɓani a kansa shi ne cewa riƙo da sababi bai kore tawakkali ba, kamar yadda hadisin Tirmizi ya nuna game da mutumin da aka umarta ya ɗaure raƙumarsa sannan ya dogara ga Allah.

Takaful, madadin da malamai suka yarda da shi

Kamfanin inshorar Musulunci na farko a duniya a Sudan aka kafa shi a 1979, ta hannun bankin Faisal. Maleshiya ta yi dokar takaful a 1984, Najeriya ta fitar da ƙa'idojinta a 2013, ƙungiyar CIMA mai kula da inshora a ƙasashe 14 da suka haɗa da Nijar da Kamaru da Cadi ita ma ta yi nata tsarin a 2019. Tushensa shi ne umarnin taimakon juna a kan alheri da ke aya ta 2 ta Suratul Ma'ida, da yabon da Annabi (SAW) ya yi wa Ash'ariyawa, waɗanda idan abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannunsu su raba daidai.

Yadda yake aiki shi ne mahalarta suna zuba kuɗi a asusu ɗaya da niyyar kyauta, asusun kuma nasu ne. Kamfani wakili ne kawai, yana karɓar ladan da aka ayyana tun farko, yana juya kuɗin a harkokin halal ƙarƙashin kulawar kwamitin malamai. Idan shekara ta ƙare da rara, ana iya raba wa mahalarta ko a ajiye domin baɗi. Idan asusun ya gaza, kamfani ya ranta masa ba tare da ruwa ba. Sai dai kada a ɗauka takaful zai tsira daga tsada, domin siminti da kwano farashinsu ɗaya ne ga kowa. Kuma suna kaɗai bai isa ba: a tambayi nawa ne ladan wakilci, su wane ne malaman kwamitin, kuma yaushe aka taɓa raba rara. A Amurka takaful na gidaje bai yaɗu ba, shi ya sa 'yan uwanmu na can suka fi dogara da fatawar buƙata.

Abin da za a duba kafin a canza kamfani

Kuskuren da ya fi yawa shi ne kallon farashi kaɗai, alhali araha ba ta ado. Yarjejeniya biyu ba sa kwatantuwa sai an jera su an ga abin da kowace ta ɗauka da abin da ta toge. Ga abubuwan da ya kamata a bi ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, adadin da aka rubuta wa gidan. Abin da ake lamuncewa shi ne kuɗin sake gina shi, ba kuɗin da za a saye shi a kasuwa ba, domin fili ba ya ƙonewa. Wannan ya fi shafar mu a nan, inda kuɗi ke saurin zubewa. A Gana hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari a watan Disamban 2022, saboda haka adadin da aka rubuta kafin lokacin ba zai sake gina gidan ba. Yawancin yarjejeniyoyi kuma suna da sharaɗin biya bisa kaso. Misali, gidan da sake gina shi zai ci sefa miliyan 20 amma aka rubuta miliyan 10, idan gobara ta yi ɓarnar miliyan 6, miliyan 3 kawai za a biya, domin rabin gidan aka lamunce. Rage adadin don a rage kuɗin shekara yaudarar kai ce.

Na biyu, yadda ake lissafin diyya. Wata yarjejeniyar tana biyan kuɗin sabon abu, wata kuma tana cire tsufa. Rufin da ya shekara 15 idan iska ta yaye shi, mai cire tsufa ba zai ba da abin da zai sayi sabo ba. A Amurka kamfanoni da yawa sun koma yin haka musamman a kan rufi, kuma sau da yawa shi ne sirrin arahar da ake gani a takarda.

Na uku, kason mai gida, wato abin da mutum zai fara biya daga aljihunsa kafin kamfani ya sa hannu. Ɗaga shi yana rage kuɗin shekara, amma kada a ɗaga shi fiye da abin da ake da shi a ajiye. A jihohin guguwa ana yanka shi bisa kaso: kashi 2 cikin ɗari na gidan dala 300,000 shi ne dala 6,000.

Na huɗu, togaciya. Inshorar gida ta yau da kullum a Amurka ba ta ɗaukar ambaliya, sai an sayi tata daban, galibi daga shirin gwamnatin tarayya da aka kafa a 1968. Lokacin da guguwar Helene ta jawo ambaliya a yammacin jihar Karolina ta Arewa a watan Satumban 2024, mafi yawan gidajen da ruwa ya ci ba su da ita. A nan ma inshorar gobara zalla ba ta biyan ɓarnar ruwa sai an ƙara ta a rubuce. A tambaya kuma game da sata, da kayan sana'ar da aka ajiye a gida, da gidan da aka bari babu kowa na tsawon watanni, wanda ya shafi matafiyan da suka gina gida a nan suna zaune a waje. Ɗan haya kuma ya sani inshorar mai gida ba ta ɗauki kayansa ba.

Na biyar, ƙarfin kamfanin da halinsa wajen biya. A tabbatar yana da lasisi: a Amurka kowace jiha tana da hukumar inshorarta, a Gana akwai hukumar NIC, a Najeriya NAICOM, a ƙasashen CIMA kuma akwai sashen inshora a ma'aikatar kuɗi. A nemi farashi daga wuri uku aƙalla, kuma a san bambancin wakilin kamfani ɗaya da dillali mai zaman kansa wanda ke iya zagaya kamfanoni da yawa. Dukansu kamasho suke ci, saboda haka duk alkawarin da bai shiga takarda ba a ɗauka babu shi.

Na shida, lokacin canzawa. A fara nema tun da sauran wata ɗaya ko biyu, a duba wa'adin sanarwar da tsohuwar yarjejeniya ta gindaya, domin wasu suna sabunta kansu idan ba a rubuta takardar fita a kan lokaci ba. Kada a soke tsohuwa sai sabuwa ta fara aiki, kuma a sanar da mai bashin gida idan akwai. A ƙasashen CIMA tun 2011, haka ma a Gana da Najeriya, ƙa'idar ita ce sai an biya kuɗin sannan lamuni ke farawa, saboda haka a karɓi rasit na kamfani, ba na dillali kaɗai ba. Kafin a fita kuma a fara tambayar tsohon kamfanin ko akwai rangwame, domin sabon rufi, ko gyaran wayoyin lantarki, ko haɗa inshorar gida da ta mota wuri ɗaya kan rage kuɗi.

Gaskiya a cikin mu'amala

Ko da mutum yana ganin dole ce ta sa shi shiga, wannan bai halatta masa ƙarya ba. Ɓoye cewa ana sayar da fetur ko iskar gas a gidan, ko rage shekarun gini, ko ƙara kayan da ba su ƙone ba cikin lissafin diyya, duk algushu ne, kuma Annabi (SAW) ya barranta daga mai algushu, ba tare da bambanta Musulmi da wanda ba Musulmi ba a cikin waɗanda aka cuta. Ta fuskar doka ma ƙaryar kan koma kan mai ita, domin kamfani na iya soke yarjejeniyar ya ƙi biya a ranar da aka fi buƙata. A Amurka akwai rumbun bayanai da ke riƙe tarihin diyyar da aka nema a kan gida har na shekara bakwai, sabon kamfani kuma zai duba. Abin da ya fi amfani shi ne mutum ya ɗauki hoton ɗakunansa da kayansa, ya adana rasitai a wani wuri daban da gidan.

Mu da ke nan

Mafi yawan gidajen unguwanninmu da zangunanmu ba su da inshora ko kaɗan, amma musibar ba ta tsallake mu ba. Daminar 2024 ta kashe sama da mutum 300 a Nijar, ta shafi fiye da mutum miliyan ɗaya, har tsohon masallacin Damagaram ya rushe. A watan Satumban shekarar madatsar ruwan Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri, a farkon Janairun 2025 kuma gobara ta cinye kasuwar Kantamanto a Akra. Bayan kowace irin wannan, abin da muka saba shi ne shelar taimako bayan sallar Juma'a. Alheri ne, amma yana zuwa ne bayan an riga an kwana a waje, kuma wanda ya fi sanayya shi ya fi samu.

Shawararmu ga kwamitocin masallatai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa ita ce su mayar da wannan alheri tsari tun kafin musiba. Jama'ar da ta iya adashi za ta iya asusun taimakon gobara da ambaliya: zubi sananne duk wata da niyyar sadaka, littafi a buɗe, sa hannun mutum uku kafin a fitar da kuɗi, da iyakar abin da ake ba kowane gida. Amma a san iyakarsa, domin idan ruwa ya ci unguwa gaba ɗaya duk masu zubin ne za su zo nema rana guda, asusun ba zai ɗauka ba. Nan ne amfanin haɗa shi da kamfanin takaful mai lasisi, inda ake da shi, yake. Ginin masallaci da na islamiyya kuma amana ce a hannun kwamiti, ya kamata a zauna da malamai a yanke yadda za a kare ta. Kafin duk wannan akwai abin da ba ya buƙatar kamfani: gyaran wayoyin lantarki, fitar da tukunyar gas daga ɗakin kwana, yashe magudanai kafin damina, da ƙin gini a kan hanyar ruwa komai arahar filin.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu da dukiyoyinmu daga gobara da ambaliya, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri, Ya azurta mu da halal. Allah ne Mafi sani.